Shayi da Burodi, Fura ko Ƙosai: Wane Karin Kumallo Ne Ke Riƙe Kai Har Azahar?

Ƙarfe 11 na safe nake gane abin da kowane ɗalibi ya karya da shi, ko ban tambaya ba. Lissafi nake koyarwa a wata kwaleji a nan Maraɗi, kuma a daidai wannan lokaci aji ke rabuwa gida biyu. Wasu suna nan daram, suna bin allo. Wasu kuwa ido a buɗe amma hankali ya yi nisa: sai ka kira sunan yaro sau biyu kafin ya ɗago, ka yi masa ƴar gyara ya haɗe rai kamar ka mare shi. Da farko na ɗauka lalaci ne. Da na fara bincike sai na tarar yawancinsu ko dai ba su sa komai a baki ba, ko kuma ruwan shayi mai sukari da guntun burodi ne kaɗai a cikinsu tun ƙarfe 7.

Ɗan yayata ne ya sa na zauna rubuta wannan. Bak zai yi bana, wato jarrabawar gama sakandare. Ya same ni a zaure ya ce, "Kawu, dala 60, wato sefa 300, Inna ke ba ni kullum. Abokaina sun ce Nescafé da burodi ne abincin masu karatu, Kaka kuma ta ce in ba hura ba duk wasa ne. Wa zan bi?" Na ce, "Zauna, ɗana, mu auna su ɗaya bayan ɗaya." Abin da na gaya masa ke nan, tare da ƙari domin tela, ɗan kabu-kabu, ma'aikaciya da mai tsaron shago, tunda duk matsalarmu ɗaya ce: a kai azahar da kai a sake da rai a kwance.

Ma'auni biyar

Na farko riƙo. Ƙwaƙwalwa nauyinta bai wuce kashi 2 cikin 100 na jiki ba, amma tana cinye kusan kashi 20 cikin 100 na ƙarfin da jiki ke ƙonawa, kuma yawanci da sukarin da ke yawo cikin jini take aiki. Ba ta da rumbu. So take a riƙa ɗiga mata kaɗan-kaɗan, ba a kwarara mata lokaci guda a bar ta ba. Sukari da farar fulawa a guje suke shiga jini, a guje yunwa ke dawowa. Wake, gyaɗa, ƙwai, nono da hatsin da ba a surfe shi ƙal ba, a hankali suke narkewa. Tambayar dai ita ce awa nawa abincin zai kai ka kafin ciki ya fara kiran ciroma.

Na biyu abin da ke cikinsa na gina jini da ƙwaƙwalwa. Wanda ya fi damuna shi ne sinadarin ƙarfe, domin da shi jini ke ɗaukar iska ya kai wa ƙwaƙwalwa. Ƙarancin jini ya yi yawa a tsakanin mata da yara a ƙasar nan, ga masassarar cizon sauro na ƙara zuƙe shi duk damina. Alamominsa su ne abin da muke kira lalaci: kasala, jiri, saurin fushi, kasa natsuwa. Sai bitamin B12, wanda a abin da ya fito daga dabba ake samunsa, wato nono, ƙwai, kifi da nama. Sai folet na wake da ganye, da iyod na gishiri mai hana maƙoƙo, wanda rashinsa ke dakushe basirar yaro tun yana ciki, da man omega-3 na kifi.

Na uku kuɗi, na huɗu sauƙin samu, na biyar haɗari: me zai iya kwantar da kai in aka yi rashin sa'a?

Wani zai ce ina ruwan abinci da walwalar zuciya. A 2017 wata mai bincike a Ostareliya, Felice Jacka, ta fitar da sakamakon gwajin da aka yi da mutum 67 masu fama da ciwon damuwa. An raba su biyu na tsawon mako 12: wasu aka koya musu gyara cimarsu, su yawaita hatsi mai dusa, dangin wake, ganye, kifi da ƴaƴan itace, su rage kayan zaƙi, wasu kuma zama kawai ake yi da su ana hira. Kusan kashi 32 cikin 100 na rukunin farko sun samu sauƙi sosai, a ɗaya rukunin kuwa kashi 8 ne. Gwajin ƙarami ne, kuma yawancinsu ba su daina shan magani ko ganin likita ba. Abin da ya ja hankalina shi ne jerin abincin. Kusan rabinsa yana nan zube a tiya a babbar kasuwa.

Shayi da burodi

Wajen sauƙi babu na biyunsa. Kafin a fito masallacin asuba mai shayi ya hura wuta, minti biyar ka gama ka kama gabanka. Ruwan tafasasshe ne, don haka haɗarin ciwon ciki kaɗan ne, sai dai a kula da bokitin wanke kofi da kwalbar mayonez da ta kwana cikin zafi. Kafeyin ɗin da ke cikin Lipton kuma da gaske yana buɗe ido.

Wajen riƙo ne yake faɗuwa. Burodi farar fulawa ce. Madarar gwangwani mai kauri fiye da rabinta sukari ne, sannan mai shayi ya jefa ƙwayar sukari uku ko huɗu a kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce wajen giram 50, kimanin ƙaramin cokali 12. Kofi ɗaya irin wannan ya isa ya cinye rabin kason yinin. Ƙarfe 10 ka ji kamar ba ka ci komai ba.

Akwai wata illa da ba kowa ya sani ba. Ɗacin ganyen shayi yana kama sinadarin ƙarfen da ke cikin hatsi, wake da ganye, ya hana jiki zuƙarsa, wani lokaci da rabi ko fiye. Mai ƙarancin jini da ke kora kowane abinci da shayi yana zuba ruwa ne a kwando. Ya bar tazarar awa ɗaya tsakanin abinci da shayi.

In aka sa ƙwai labari ya sake. Ƙwai ɗaya na da wajen giram 6 na furotin, wato sinadarin gina jiki, gwaiduwarsa na da B12 da kolin, wanda jiki ke amfani da shi wajen haɗa sinadarin da jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke aika wa juna saƙo da shi. Burodi da ƙwai biyu da albasa da tumatir zai kai ka azahar. Sai dai kuɗin ya ninka, in ba da damina ba da ƙwan zabi ke shigowa daga ƙauyuka ya yi araha.

Koko da ƙosai

Koko shi kaɗai ruwa ne, fitsari biyu ya wuce. Amfaninsa shi ne geron an jiƙa shi ya yi tsami, kuma tsamin nan yana warware abin da ke ɗaure ƙarfen hatsi, jiki ya fi samun rabonsa. Ƙosai ne ke ɗauke da nauyin: wake kusan kashi ɗaya cikin huɗu nasa furotin ne, ga folet, ga ƙarfe. In za ka raba kuɗinka, ba ƙosai kashi biyu, koko kashi ɗaya, kuma ka ce a rage sukari. Wanda ya samu kunun gyaɗa a madadin koko ya fi morewa, domin man gyaɗar na ƙara riƙo.

Haɗarinsa a kasko yake. Dubi man kafin ka miƙa kuɗi. In ya yi baƙi yana hayaƙi yana kumfa, an daɗe ana maimaita shi, wuce gaba. Koko mai zafi a ƙullin leda ma ban yarda da shi ba, gara mutum ya tafi da kofinsa. A unguwarmu akwai wata dattijuwa da nake saye wurinta shekara da shekaru, a gabanka take zuba sabon mai daga kwalba, kuma in ta ga ɗan lakwal, wato ɗan makaranta, sai ta ce, "Ungo gyara, ɗana, da ruwan ciki ake jan na rijiya." Layinta ba ya yankewa har ta kwashe kaskon ƙarshe.

Fura da nono

A nan Kaka ta fi abokan ɗan yayata gaskiya. Gero na ba da ƙarfi mai tafiya a hankali, yana kuma cikin hatsin da suka fi ƙarfe. Nono na kawo abin da gero ba shi da shi: B12, alli mai gina ƙashi, da furotin mai kyau. Ga ruwa, wanda a watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, shi kansa maganin ciwon kai da kasala ne. Manomin da ya sha fura ya yini yana huɗa ba a banza ya yi ba.

Amma fura suna ta tara. Wadda aka surfe geronta har ya yi fari fes ta rasa wani ɓangare na amfaninta a dusa. Nonon da aka tsinka da ruwa ya zama farin ruwa kawai. Wadda aka dama da sukari cokali huɗu kuwa ta koma layin shayi. Nemi kindirmo mai kauri, ka bar citta da kanumfari su yi aikin ɗanɗano. Mai akuya a gida kada ya raina nononta: jar akuyar Maraɗi da ake zuwa nema daga wasu ƙasashe tana ɗaure a turken gidajenmu, in an tafasa nononta ya isa damun yara. Masu noma kuma su tambayi irin geron da ake kira Chakti, wanda INRAN, cibiyar binciken noma ta Nijar mai tasha a Tarna kusa da Maraɗi, da ICRISAT, cibiyar binciken amfanin gona ta ƙasa da ƙasa, suka fitar a 2018. An zaɓo shi ne domin ya fi geron da muka saba yawan ƙarfe.

Maganar cewa fura na sa barci, yawa ne ke jawo haka. Ƙwarya guda a cikin mai zaman kujera dole ta rufe masa ido. Kofi ɗaya babba ya wadatar.

Haɗarinta shi ne mafi girma a duk jerin nan, kuma na ɗanɗana. Wata shekara ana gobe zan tsare jarrabawa na sha fura mai ƙanƙara a wata tasha a hanyar dawowa gida. Kwana uku ina zarya tsakanin ɗaki da makewayi, sai da aka ƙara mini ruwa. Har yau ban san ko ƙanƙarar ce ko ruwan damun ba. Ban da ruwa akwai nonon kansa: wanda ba a tafasa ba kafin a kwantar da shi zai iya ɗauko bakkale ko tarin fuka daga saniya. Tambayi mai nono ko dafaffe ne. Mafi aminci ka sayi curin fura da nono daban, ka dama a gida da ruwan da ka yarda da shi.

Ɗanwake, da shinkafa da wake

Wajen riƙo su ne sarakai. Hatsi da wake in sun haɗu kowanne na cike giɓin furotin ɗin ɗan'uwansa. Ka ci da safe, sai la'asar ka tuna da abinci. Illarsu nauyi: wanda zai zauna gaban allo ko kwamfuta in ya cika kwano zai yi ta hamma. Ɗanwaken yanzu kuma sau da yawa sunan ne kawai, garin rogo da fulawa sun fi waken yawa, ga kanwa da ke kashe wani ɓangare na bitamin B1 in ta yi yawa. A shinkafa da wake aƙalla idonka na ganin waken, kana iya cewa a ƙara. A yanka tumatir da albasa a kai, a matsa lemun tsami, domin bitamin C na taimaka wa jiki zuƙar ƙarfen wake.

Kwaɗon zogala

Allah ya hore mana shi a fadamar Gulbi, daga Jiratawa zuwa Tibiri, rani da damina. Ba na cikin masu cewa zogala na warkar da kowace cuta, wannan zancen masu talla ne. Abin da ke tabbas shi ne ganyen na da ƙarfe, alli da sinadarin da jiki ke juyawa zuwa bitamin A, ƙuli-ƙulin da ake kwaɗawa da shi na ƙara furotin, ɗanyen tumatir kuma na kawo bitamin C ɗin da dahuwa ta rage. Ba ya nauyaya ciki, ba ya ɗaga sukarin jini. A ganina shi ne abincin ƙarfe 10 mafi dacewa ga mai aikin tunani. Shi kaɗai dai ba zai riƙe mai aikin ƙarfi ba, sai an haɗa da dambu. Kuma da sassafe ba a cika samunsa ba, sai hantsi masu talla ke fitowa.

Haɗari biyu ne. Abinci ne mai sanyi da ake cakuɗawa da hannu, don haka a dubi tsabtar mai sayarwa da murfin tirenta. Na biyu ƙuli-ƙulin. Gyaɗar da ta yi fumfuna tana ɗauke da gubar afalatoksin, wadda ke lalata hanta a hankali har ta kai ga ciwon daji, kuma suya ko tafasa ba sa kashe ta. Mu da garinmu ya yi suna da gyaɗa ya kamata mu fi kowa sanin wannan. Ƙwayar da ta yi ɗaci, ta motse ko ta canja launi, a zubar, kada a ce za a yi ƙuli da ita don kar a yi asara.

Ɗumame

Kada a manta da shi don ba a sayar da shi a tebur. Tuwon gero ko dawa da miyar kuka mai daddawa da ɗan busasshen kifi ya fi shayi da burodi riƙo nesa ba kusa ba, kuma kusan kyauta ne. Sharaɗi ɗaya: ya tafasa har cikinsa, ba ɗumi-ɗumi ba. Uwar gida kuma ta tabbata gishirin miyarta mai iyod ne, ta ajiye shi a rufe nesa da murhu.

Duk cikin waɗannan babu mai omega-3 na kirki. Tarwaɗa da karfasar tafkin Madarunfa suna da furotin da B12, amma kifin teku mai maiƙo irin sardin ya fi su wannan man. Gwangwani ɗaya ko biyu a mako, a zuba a miya ko a burodi, ya toshe wannan ƙofa. A duba kwanan wata, kuma gwangwanin da ya kumbura ko ya yi tsatsa a bar wa mai shago kayansa.

Nescafé, goro da sauran masu buɗe ido

Waɗannan ba abinci ba ne, bashi ne kake ci daga barcinka. Kafeyin na ɗaukar wajen awa 5 kafin rabinsa ya bar jini, don haka kofin ƙarfe 6 na yamma yana nan yana aiki tsakar dare, alhali cikin barci ne ƙwaƙwalwa ke adana karatun da aka yi da rana. Babba mai lafiya kada ya wuce miligiram 400 a yini, mai ciki 200, kuma goro da ataya da lemon gwangwani na ƙara kuzari duk cikin lissafin suke. Kofi ɗaya da safe bayan an ci abinci ba laifi. Tramol da wasu matasa ke jefawa a kafe don su jure aiki kuwa ba ya cikin abin da za a auna. Yana kama mutum ya kasa bari, yana jawo farfaɗiya, kuma na ga ɗaliban da ya raba da aji.

A taƙaice cikin jadawali

Kuɗin kimanin abin da nake fitarwa ne a unguwarmu. Da kaka yana sauka, in damina ta yi nisa hatsi ya yi tsada ya hau.

| Abinci | Kuɗi (dala) | Riƙo | Gina jini da ƙwaƙwalwa | Sauƙi | Haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Shayi da burodi zalla | 50 zuwa 70 | Gajere | Kaɗan | Ko'ina, tun asuba | Sukari, hana zuƙar ƙarfe |
| Shayi, burodi da ƙwai biyu | 120 zuwa 150 | Har azahar | Mai kyau | Ko'ina | Tsada, sukari |
| Koko da ƙosai | 30 zuwa 50 | Matsakaici zuwa dogo | Mai kyau | Da safe, akwai layi | Tsohon mai, leda |
| Fura da nono | 40 zuwa 60 | Dogo | Mai kyau ƙwarai | Sai an dama | Ruwa, ƙanƙara, ɗanyen nono |
| Shinkafa da wake, ɗanwake | 40 zuwa 60 | Mafi tsawo | Ya danganta da yawan wake | Da hantsi | Nauyin ciki, kanwa |
| Kwaɗon zogala | 20 zuwa 40 | Matsakaici | Mai kyau ƙwarai | Da hantsi | Tsabtar hannu, ruɓaɓɓiyar gyaɗa |
| Ɗumame | Kusan kyauta | Dogo | Ya danganta da miya | A gida | In bai tafasa ba |

Wa ya dace da me

Ɗan kabu-kabu, magini, ɗan dako da duk mai yini a rana: shinkafa da wake ko ɗumame da safe, fura da nono da rana. Ruwa ya fi muku kafe amfani.

Ma'aikaci, tela da mai zaman shago: abin da ba zai kawo hamma ba. Ƙosai da ɗan koko, ko burodi da ƙwai in aljihu ya yarda, sannan kwaɗon zogala da hantsi.

Mai ciki, mai shayarwa da budurwar da ke yawan jiri: wake, zogala, ƙwai da dafaffen nono, tare da goba, lemo ko kunun ƴaƴan kuka saboda bitamin C. Ƙwayoyin ƙarin jini da ake bayarwa wurin awo a sha su da ruwa, ba da shayi ba.

Mai ciwon sukari: zogala, ƙosai da ƙwai sun fi masa koko mai zaƙi da burodi. Fura kaɗan, ba sukari, kuma ya daidaita da lokotoron da ke duba shi.

Mai azumi: a sahur fura da kindirmo, kunun gyaɗa ko wake. Shayi mai sukari zalla kafin hantsi ya sallame ka.

Wanda ya gyara cimarsa wata guda amma kasala, faɗuwar gaba ko baƙin cikin da ba dalili ba su tafi ba, ya je gidan likita a auna jininsa, ya kuma faɗi abin da ke ransa ba kunya. Kwano ba ya maye gurbin wannan.

Ɗan lakwal mai dala 60 kuwa, ga yadda muka tsara da ɗan yayata. Ranakun da aka kwana da tuwo, ɗumame a gida, kuɗin ya tafi ga dafaffen ƙwai ɗaya da kwaɗon zogala lokacin fitowa shan iska. Sauran ranaku ƙosai na dala 30, koko na dala 15 a kofinsa, canjin ya tara. Ran Juma'a abin da ya taru ya sayi gwangwanin sardin su raba da ƙanwarsa. Nescafé kofi ɗaya, da safe kawai, bayan ya ci abinci. Furar Kaka kuma tana jiransa in ya taso, da sharaɗin shi zai riƙa tafasa mata ruwan damu tun da dare.